Fuskar autanmu ta koma kamar ƙuna, Inna ta ɓoye maganin

Maman Ihsan:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Masu ilimin asibiti ku agaza mana, kaina ya ɗaure. Autanmu zabiya ne, shekararsa 29, tun yana ɗan ƙarami yake bin Baba gona can wajen Kwadon. Kusan shekara biyu ke nan goshinsa da kunnuwansa da ƙeyarsa suka yi wani irin kaushi, in ka shafa kamar samfefa, ya ɓare ya dawo, ya ɓare ya dawo. Mu duk zatonmu kirci ne. Watan jiya muka samu likitan fata ya duba shi, ya ce ba kirci ba ne, rana ce ta lalata fatar, kuma in aka ƙyale wasu wuraren na iya rikiɗewa su zama kansa, wato ciwon daji. Ya rubuta wani man shafawa, Efudix, safe da dare har sati huɗu. Mun zaga Gombe ba mu samu ba, sai daga Kano aka sayo. Yau kwana 12 da farawa. Wallahi in kun ga fuskar sai kun yi hawaye. Ta yi jawur, tana tsattsafo da ruwa, har wuraren da a da lafiyarsu ƙalau sun tashi. Jiya bai runtsa ba saboda raɗaɗi. Da asuba Inna ta ɗauke maganin ta ɓoye, ta ce ba za a ƙarasa mata ɗa tana kallo ba. Ranar komawa asibiti kuma da saura. Mu ci gaba ko mu dakata? Ko jabu aka sayo mana?

Bappa Kumo:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Ni kam ina bayan Inna. An je da kaushi an dawo da ƙuna, wannan ai garin neman gira za a rasa ido. Ku bar yaro ya huta, a samo zuma mai kyau da man kaɗanya a riƙa shafa masa. Kakanninmu sun zauna da zabiya ba su san wani Efudix ba.

Habu Kyamis:
Adda ki aiko yaro shago, akwai man nan mai haɗi uku, kwana biyu jan zai kwanta. Jikinsa ne bai karɓi maganin ba.

Malam Sani Jeka:
Habu don girman Allah kar ka ba su komai. Bappa, da girmanka da komai, amma ka ƙirga mini zabiya nawa ka sani a Kumo da suka kai shekara sittin. Kakanni sun zauna da mu, gaskiya ne, amma da wuri suke raka mu makwanci, kuma yawanci da gyambon kai ko na wuya da aka yi ta cewa sammu ne.

Adda Maman Ihsan, ni zabiya ne, shekarata 44, kuma sau biyu na yi wannan maganin. Kwana biyar na farko ban ga komai ba, har na ce basilin aka sayar mini da tsada. Cikin sati na biyu fuska ta ɗau ja. Daga wajen kwana na goma sha biyu zuwa ƙarshe shi ne azabar, daidai inda kuke yanzu. Yaran ajina suka riƙa raɗa wai malam ya faɗa murhu, dole na ɗau hutu. Batun wuraren da suke lafiya suka tashi, ni ma shi ya fi firgita ni. Da na yi wa likita ƙorafi sai ya ce ai ba lafiya suke ba, ɓarnar tana nan ido ne bai kai gare ta ba. Kamar ruwan farko ne a gona, sai ya sauka kake sanin inda ciyawa ta zubar da iri. Bayan na daina shafawa da kamar kwana goma ɓawon ya fara zuba, kafin wata ya cika goshina ya yi sumul, rabona da jin shi haka tun ina sakandare.

Amma kada ku zauna jiran ranar da aka ba ku. Ku kai shi gobe likitan ya gani da idonsa. Ni a karo na biyu da abin ya yi tsanani hutun kwana uku ya ba ni, sannan ya ce in koma sau ɗaya a rana. Shi ya san inda zai rage, ba ni ba, ba Inna ba.

Sista Rahila:
Maman Ihsan ki amsa mini waɗannan tukuna. Yana zazzaɓi? Amai, ciwon ciki, ko gudawa, musamman mai jini? Cikin bakinsa ya yi ƙuraje ko miki? Ruwan da ke fitowa fari ne garau ko mugunya ce mai wari? Kumburin ya kai ido? Sannan wa yake shafa masa?

Maman Ihsan:
Sista babu zazzaɓi, babu amai, babu gudawa, bakinsa lafiya, ɗazu ma ya sha kunu da ƙosai. Ruwan garau yake, sai ya bushe ya yi ɓawo. Idon bai kumbura ba. Ni nake shafa masa, kin san ba sa gani sosai, ko a madubi ba ya iya bambance wuraren, ƙeya kuma dole sai da wani.

Sista Rahila:
Da hannu haka? Ba ke ce kika tambaye ni ranar awo a watan jiya ba?

Maman Ihsan:
Ni ce Sista. Da yatsa nake shafawa, amma ina wankewa da sabulu nan take.

Sista Rahila:
To daga yau hannunki ya fita. Mai juna biyu da mai shayarwa ba sa amfani da wannan maganin, kuma bai kamata su riƙa taɓa shi ba. Ba na so ki tayar da hankalinki, tunda kina wankewa nan take abin da zai ratsa fata kaɗan ne ƙwarai, amma ki faɗa musu a wajen awo, ki faɗi sunan maganin da yawan kwanakin. A samu wani namiji a gidan ya karɓa, ya sa safar hannu ta roba.

Abin da ya sa na yi waɗancan tambayoyin: akwai mutane 'yan kaɗan da aka haifa jikinsu ba ya iya narkar da wannan maganin, su ko ɗan abin da ya ratsa fata na iya kwantar da su. Alamarsu ke nan, zazzaɓi, amai, gudawa da jini, mikin baki. Wanda ya ga haka ya daina nan take ya nufi asibiti ko tsakar dare ne. Na Auta, yadda kika kwatanta, ya yi kama da aikin maganin ne yadda aka saba gani. Duk da haka ina tare da Malam Sani, a kai shi gobe.

Bello Famasi:
Bari in ɗan yi bayanin abin da ke cikin tub ɗin, wataƙila hankalin Inna ya kwanta in an karanta mata. Sunan maganin na asali fulororasil, kashi 5 cikin ɗari ne a cikin man. Ba sabon abu ba ne, tun 1957 aka haɗa shi a Amurka, kuma har gobe ana ba masu kansar hanji shi ta jijiya. Wato dangin maganin kansa ne aka zuba a man shafawa, ba irin man ƙaiƙayi ba ne. Aikinsa shi ne ya hana ƙwayar halitta haɗa abin da take bukata kafin ta rabu biyu. Ƙwayoyin da rana ta lalata sun fi na lafiya gaggawar rabuwa, don haka su yake fi kamawa, su mutu, jiki ya taso ya share su. Wannan sharewar ita ce ja da raɗaɗi da ɓawon da kuke gani. Da jabu ne mai yiwuwa da ba ku ga komai ba. Amma ki duba kwalin, ranar lalacewa da lambar NAFDAC in akwai, ki tafi da shi asibiti.

Habu, man da kake nufi akwai sitiroid mai ƙarfi a ciki. Jan zai kwanta kam, Inna ta yi murna, alhali an yayyafa wa wuta ruwa ne tun tuwo bai nuna ba. In likita ya ga dacewar a ba shi abin da zai lafar da fatar, shi zai zaɓi mai sauƙi ya kuma faɗi lokacin.

Habu Kyamis:
Oga Bello ni taimako na yi niyya. Kullum mutane na saye ba wanda ya dawo da ƙorafi.

Bello Famasi:
Na sani Habu. Wanda bai dawo ba ai ba ka san inda ya ƙare ba.

Bappa Kumo:
To ku 'yan boko, duk duniya babu wani magani sai wanda zai soya fuskar mutum?

Bello Famasi:
Akwai Bappa. In wuraren ɗaya ne ko biyu ko uku, ana ƙona su da sanyi, da ruwan naitirojin, a ɗiga a kai su yi bororo su faɗi. Amma in goshi gaba ɗaya ya lalace ba a bin su ɗai-ɗai, shi ya sa ake shafe filin duka. Akwai wani man, imikwimod, da ake sayarwa da sunan Aldara, shi sau uku a sati ake shafawa da dare a wanke da safe, amma shi ma yana ja da ɓawo, wasu har ya sa musu ciwon jiki kamar mura za ta kama su. Akwai na dikulofenak mai sauƙin raɗaɗi, sai dai wata biyu zuwa uku ake yi ana shafawa kuma bai kai ƙarfin wancan ba. A 2019 an wallafa wani bincike da aka yi a ƙasar Holan kan mutum sama da 600, aka gwada hanyoyi huɗu. Bayan shekara guda, kusan kashi 75 cikin ɗari na masu fulororasil sun samu biyan bukata, masu imikwimod kusan kashi 54, sauran biyun ƙasa da haka. Ɗaya daga cikin huɗun ma, Picato, an janye shi daga kasuwar Turai a 2020.

Bappa Kumo:
Holan! Ƙasar da rana ke leƙowa kamar baƙuwa. Ka gwada a kan tsofaffin Turawa ka zo ka ce haka zai yi wa yaron da ke tsaye a ranar Gombe ta watan Afrilu?

Bello Famasi:
Nan kam ka kama ni Bappa, a kan Turawa aka yi, yawancinsu kuma dattawa. Kuma maganarka ta rana gaskiya ce, zafin rana na ƙara wa mai shafa wannan maganin azaba sosai. Maman Ihsan, yana fita?

Maman Ihsan:
Shekaranjiya ya je gona wai zai duba masu aiki, da 'yar hularsa ta saƙa. Bayan ya dawo ne abin ya ƙaru.

Malam Sani Jeka:
Ai ga shi nan. Hular saƙa kunne da ƙeya a waje suke, su ne kuma wuraren da kansa ta fi kama mu. Sati huɗun nan da na bayansu zaman ɗaki ne, in fita ta zama dole a yi ta da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, da malfa mai faɗin baki. Bappa, fatar Baturen Holan da tawa duk rashin sinadarin launi ne ya haɗa mu, tawa ma ta fi tasa rashi. Bambancin shi ne shi sai ya tsufa kaushin ke fito masa, mu kuwa tun muna 'yan ashirin, wasu tun kafin nan.

Zee Tumfure:
Don Allah tambaya, man nan yana cire baƙin tabon ƙuraje? Na ji an ce fata na yin sumul kamar ta jariri.

Sista Rahila:
Zee ki rufa wa kanki asiri. Maganin kansa ne fa. A baƙar fata irin tamu yana iya barin tabon da ya fi wanda kike son cirewa, ga haɗarin da na faɗa a sama in kina da ciki ba ki sani ba.

Zee Tumfure:
Tambaya ce kawai fa Sista.

Admin:
A tsaya kan batun Auta don Allah. Masu neman man gyaran fata ranar Asabar ce ranarku.

Abban Sadiq:
Ni abin da ke raina alwala. Yaya yake yi da fuska a haka, sau biyar a rana? Ba wanke maganin ake yi ba?

Malam Sani Jeka:
Yadda na yi, sai na idar da Asuba in bari fuska ta bushe sannan a shafa, kafin Azahar ya daɗe da shiga. Na dare kuma bayan Isha. Ruwa ba ya hana, gurzawa ce matsala, sai dai a zuba a hankali a dangwala da tsumma mai laushi. Kwanakin da ruwan ma ya gagara na tambayi limaminmu ya yi mini bayanin sauƙin da shari'a ta yi wa mai rauni, kowa ya tambayi nasa malamin. Goshi wajen sujada ne ya fi ba ni wuya, sai na riƙa shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan darduma, nawa ni kaɗai, haka matashin kai da tawul. Basilin tsantsa yana rage tsagewar fatar, amma ba a haɗa shi da maganin lokaci guda, sai an ba da tazara. Sannan a nisanta shi da ido da leɓe da ƙofar hanci.

Bello Famasi:
Ƙari a kan na Malam: a ina Inna ta ɓoye shi? Ba wasa nake ba. Kar jikoki su tsinta. Kare ko kyanwa in suka tauna tub ɗin ko suka lashi inda aka shafa, kaɗan ya isa ya kashe su.

Maman Ihsan:
Cikin kwallarta ta sa ta rufe, Ihsan ba ta kaiwa. Kyanwa dai muna da ita kuma a ɗakinsa take kwana, yau za ta koma zaure.

Maman Khalifa:
Ina biye da ku daga Bauchi, jikina duk ya yi sanyi. Ɗana Khalifa zabiya ne, shekararsa shida. In fara shafa masa tun yanzu don rigakafi?

Sista Rahila:
A'a sam. Ba rigakafi ba ne, kuma ba na yara ba ne. Rigakafin Khalifa inuwa ce da sutura. Riga mai dogon hannu mai kauri, wando har ƙasa, hula mai baki zagaye da ke rufe kunne da wuya, man kare rana mai lamba SPF 50 a duk inda tufa ba ta rufe ba, a sake shafawa bayan kamar awa biyu in yana waje. Daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma a rage masa wasan fili. Kar hazon hunturu ko hadarin damina su ruɗe ki, hasken da ke ɓarnar yana ratsa su.

Maman Khalifa:
Hular ce matsala. Makarantarsu sun ce ba ta cikin yunifom, ranar nan a asambule aka cire masa, ya dawo wuya jawur kamar an zuba masa ruwan zafi.

Malam Sani Jeka:
Wannan ya taɓa ni, don ni ma haka aka yi mini, kuma yau ni malami ne. Kar ki aika saƙo, ki je da kanki ke da babansa, da takardar likita a hannu. Ku nemi abu uku: hula, tsayuwa a inuwa lokacin asambule, da kujerar gaba saboda allo. Yawancin malamai ba mugunta ba ce, ba wanda ya taɓa faɗa musu. Ƙunar da yaro ke yi yana shekara shida ita ce kaushin da zai gani yana ashirin da biyar, fata ba ta mantuwa. Abin da ke ba ni haushi shi ne tsadar man kare ranar. A Moshi ta Tanzaniya haɗa nasu suke yi, Kilisun, a raba wa zabiya. Mu nan sai 13 ga Yuni ta zo, ranar zabiya ta duniya, a tara mu a ɗau hoto a ba kowa kwalba ɗaya, a haɗu baɗi. Kwalba ɗaya wata nawa za ta yi?

Dakta Hauwa:
Ku gafarce ni, yanzu na fito daga aiki na karanta daga sama. Sista da Malam Bello sun gama magana a kan man, ban da abin ƙari sai cewa ban ga fuskar ba, don haka wanda ya rubuta shi zai yanke hukuncin ci gaba ko hutu. Tambayata ɗaya Maman Ihsan. A cikin wuraren, akwai wanda ya bambanta da sauran tun kafin a fara? Mai tauri ko tudu, mai zafi in an danna, mai zubar da jini, ko miki da ya ƙi warkewa?

Maman Ihsan:
Dakta akwai ɗaya a gefen kunnen dama. Ya yi tudu kamar ƙwayar wake, tsakiyarsa rami, in ya kwanta a kai sai a ga jini a matashi. Tun bara yake. Gaskiya likitan ya ce wannan kada a shafa masa, a dawo a yanki kaɗan a kai gwaji. Auta ya ce shi ba mai sa masa wuƙa, Inna ta goya masa baya. Sai muka ce tunda ga magani bari mu haɗa da shi ko Allah zai sa ya bi sauran.

Dakta Hauwa:
To wannan shi ne maganar, ba jan fuska ba. Jan fuska zai wuce. Kaushin da ake shafa wa mai a saman fata yake, shi ake kira aktinik keratosis, bai zama kansa ba tukuna, kuma ba kowanne ke zama ba. Matsalar ita ce ba a iya nuna wanda zai zama, shi ya sa ake share su duka, balle ga zabiya. Amma abin da ya yi tudu, ya yi rami, yake jini shekara guda, ana ɗaukarsa ya riga ya nutsa ciki har sai gwaji ya ce a'a. Man ba ya kaiwa can. Abin da ya fi muni, yana iya warkar da saman ya rufe, ku ce an rabu da shi, saiwar na ci a ƙasa. Kunne da leɓe kuma suna cikin wuraren da irin wannan kansar ta fi saurin tsallakawa zuwa kaluluwar wuya. Ku daina shafa wa kunnen daga yau. Gobe in kun je, da shi za ku fara, kuma ku faɗi gaskiya cewa kun shafa.

Bappa Kumo:
Dakta a nan ne zan ja da ke. Kowa ya san daji ba ya son ƙarfe. Maƙwabcina da gyambonsa ya yi shekara uku yana yawo yana cin kasuwa, ranar da aka kai shi aka yanka bai rufa wata huɗu ba. Da idona na gani, ba labari ba.

Dakta Hauwa:
Allah ya jiƙansa Bappa. Ban musa abin da ka gani ba, ni ma ina ganin irinsa. Amma ka duba lissafin da kanka: shekara uku ciwon na tafiya, wata huɗu bayan wuƙa. Wanne ya fi daɗewa yana aiki a jikinsa? Mutanenmu ba sa yarda a yanka sai abin ya kai inda ba ya yankuwa, sai a yi aikin a makare, mutum ya rasu, a ce wuƙa ce. Na gaba ya ji tsoro ya ƙara makara. Abu kamar ƙwayar wake a kunne allurar kashe zafi ake yi a wurin, a cire shi da ɗan gefensa, a ɗinke, mutum ya koma gida da ƙafarsa a ranar. In ya kai girman ƙwai kuma ana maganar rasa kunnen ne da kuma gasa wurin da na'ura.

Kuma ba zabiya kaɗai ba. Mu masu baƙar fata kaushin rana bai cika kama mu ba, amma tsohon tabon ƙuna ko gyambon ƙafa da ya shekara da shekaru yana iya juyewa ya zama irin wannan kansar. Haka wanda aka yi wa dashen ƙoda yake shan maganin rage garkuwar jiki.

Bappa Kumo:
Na ji. Ban ce na yarda duka ba, amma lissafin shekara uku da wata huɗun ya shige ni. Zumar fa?

Dakta Hauwa:
Ya sha a kunu Bappa.

Malam Sani Jeka:
Adda, in Auta zai yarda ki ba shi waya in yi masa magana, ki turo mini lambar ta gefe. An yanke mini biyu, ɗaya a wuya ɗaya a bayan hannu, zan nuna masa tabon ya ga ba wani abu ba ne. Wani lokacin sai ɗan'uwanka a fata ya faɗa maka kake ji.

Maman Ihsan:
Na tura Malam. Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa Inna bayanin Malam Bello da na Dakta, ta yi shiru, ta ce ita dai da ita za a je goben.

Maman Ihsan:
Salam jama'a, mun dawo. Likitan ya yi mana faɗa sosai a kan kunnen, kuma mun cancanta. Fuskar kuwa ya ce haka ake so, babu alamar ƙwayar cuta ta shiga. Ya ba shi hutun kwana biyu sannan a ƙarasa, ban da kunne. Inna da bakinta ta tambaye shi ko ƙarfe na sa daji ya bazu, ya zaunar da ita ya yi mata bayani da Fulatanci. An sa ranar Talata za a cire. Hamma Usman ne ya karɓi shafawar. A wajen awo ma na faɗa, sun rubuta a kati sun ce in ci gaba da zuwa yadda na saba.

Sista Rahila:
Madalla. Ku ɗau hoton fuskar duk bayan kwana uku, ranar da ya karaya sai a nuna masa inda aka fito.

Maman Ihsan:
Masu tambayata ta gefe ku yi haƙuri da shiruna, yau sati bakwai da wancan saƙon. Ya gama shafawa, ɓawon ya zube, goshi da ƙeya sun yi laushi, saura ɗan ja-ja da aka ce zai ɗau lokaci kafin ya washe. Wuri biyu a gefen fuska ba su tafi ba, an ce za a ƙona su da sanyi. Sakamakon kunnen ya fito jiya. Kansa ce. Amma likitan ya ce an cire ta duka har da gefenta, ya lalluba wuyansa bai ji komai ba. Zai riƙa zuwa ana duba shi duk bayan wata uku. Kunnen ya ɗan rage a gefe kamar an gutsura, Auta na ta tsokanar kansa wai ɓera ne.

Dakta Hauwa:
Alhamdu lillahi. Kar ya tsallake zuwa dubiyar ko da ya ga fata ta yi kyau, wanda ya yi ɗaya yana iya yin wata, kuma kaushin kan dawo. Duk wata a samu mai ido ya duba masa kai da wuya da bayan kunne a wuri mai haske.

Bappa Kumo:
Allah ya ƙara sauƙi. Akwai wani yaro zabiya mai tallan rake a bakin tasharmu, leɓensa na ƙasa ya daɗe da miki. Gobe zan nemi ubansa.

Habu Kyamis:
Adda in akwai ragowar man kar a yar, akwai wata kwastoma da ke da irin wannan kaushin a hannu.

Bello Famasi:
Habu!

Maman Ihsan:
Habu ragowar na hannun likita, shi ya ce a mayar masa. Ka turo ta asibiti. Malam Sani, Inna na tambaya a ina kake sayen malfarka mai faɗin nan, ta Auta iska ta ɗauke ta a kan mashin jiya, kuma ta hana shi fita ko ƙofar gida sai an samo wata. Wannan karon mai igiya take so.